Ladan da Ƙwaryar Ayaba

Sana'ata ɗaukar hoto, kuma tun gemuna yana baƙi ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Rano. Abu biyun nan ba su taɓa takura wa juna ba. Shagona yana kusa da tasha, masallacin yana bayan shagon, idan lokaci ya yi sai in ce wa wanda ya zo hoton fasfo ya gyara zaman hularsa kafin in dawo. Ladancin gadonsa na yi. Mahaifina da maƙogwaronsa kawai ya yi nasa, yana tsaye a kan wani ɗan tudun ƙasa a gefen masallaci, ni kuwa na riski zamanin lasifika. Ba a biyan kowa komai, amma in kana so ka ga ɓacin raina, ce mini muryata ta fara tsufa. Da kirana mata suke sanin lokacin ɗora sanwa, da shi masu shago suke jawo ƙofa. Ina son aikin nan, kuma ban taɓa tunanin akwai ranar da zan miƙa wa wani mukullin akwatin lasifika ina da rai da lafiya ba.

Wayoyi ne suka fara kashe mini kasuwa. Kowa ya zama mai hoto, amarya ta ɗauki kanta, mai jego ta ɗauki jaririnta, aka bar ni da 'yan fasfo da masu son a wanke musu hoton mamaci su rataye a ɗaki. Wata damina aka kira ni walimar saukar karatu a Rurum. A hanyar dawowa ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya tsaya a bakin wata ƙorama zai wanke lakar da ta cushe masa a taya. Shanu sun wuce ta wurin ba da jimawa ba. A kan danshin yashin da suka yi fitsari na ga malam-buɗe-littafi sun yi cincirindo, farare da rawaya, kowanne ya haɗe fikafikansa yana tsotso. Don rashin abin yi na tsuguna na ɗauke su.

Da na koma shago na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara masa girma, sai na manta da hotunan walimar mutane. Ashe abin nan da yara ke bi da tsumagiya yana da ido, yana da gashi a ƙirji, yana da wani dogon harshe da yake naɗewa kamar gammo. Na yi shekaru ina ɗaukar mutanen da ba sa son fuskarsu, wannan a rage masa baƙi, wancan a goge masa ƙurji, waccan a ƙara mata kumatu. Ranar na ga abin da ba ya buƙatar gyarana. Na zauna ina kallonsa har na kusa makara kiran la'asar.

Ɗan acaɓan nan ne ya nuna mini kurmin. Magidanci ne mutumin Rurum, mai kirki, sai dai bakinsa ba ya gajiya. Kafin ya kai ka inda za ka, ka san wanda ya sayar da gona da wanda injin ban-ruwansa ya lalace. Ya ce in irin waɗannan nake so, ai na bayan dutse sun fi su girma. Bayan tsohon garin Rurum duwatsu ne sun hau kan juna, kana hawa kana haki, can a tsakaninsu akwai wani kwari da ruwansa ba ya ƙafewa da wuri. Garma ba ta shiga, gatari ma bai cika shiga ba, saboda haka itatuwa suka samu sakewa, su kanya da ɓaure da ɗinya, da wata tsohuwar tsamiya a bakin ruwa. Kana shiga za ka ji sanyi ya sauko maka a wuya. Dalilin da ya hana gatari shiga kowa ya san shi. An ce a zamanin da, kafin mutanen wurin su musulunta, nan ake kai wa iskoki abinci. Na ji wannan tun ina yaro, ban kuma ɗauke shi a bakin komai ba. Ni dai abin da na gani, wurin da tsoro ya hana a sare shi ne ya zama gidan irin malam-buɗe-littafin da ba za ka taɓa gani a gonar dawa ba.

Da hantsi ya fi kyau a je, kafin jikinsu ya yi zafi. Lokacin za ka same su a kan dutse sun baje fikafikai suna shan rana, ba su da kuzarin gudu. Akwai 'yan mitsi-mitsi masu ruwan bula da ba su fi farcen babban yatsa ba, akwai masu ruwan ƙasa da ke tsalle-tsalle a inuwa da ɗigo-ɗigo kamar idanu a gefen fiffike, akwai wani da in ya rufe ka rantse busasshen ganye ne har da jijiyarsa. Rana tana ɗagawa sai wasan ya canza, ka yi ta binsu kana tuntuɓe suna raina maka wayo. Na sha ƙaya, na sha cizon tururuwa, sau ɗaya na zame na zauna a ruwa na ɗaga kyamara sama, ita ta tsira ni ban tsira ba.

Ganin abu daban, sanin ko wane ne shi daban. Babbar 'yata da ke aure a Kano ta samo mini wani ƙaton littafin Turanci mai hotuna a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ta kuma sa ni a wani zaure na intanet inda masu irin cutata suke taruwa daga ƙasashe. A nan na koyi cewa hoto ɗaya ba ya isa. Sai ka kawo saman fiffike in ya buɗe, ka kawo ƙasansa in ya rufe, don akwai waɗanda ta sama ba ka raba su, sai ta ƙasa za ka ga wani ɗan layi ya bambanta su. Ka faɗi watan da ka ɗauka, ka faɗi itacen da ya sauka a kai. Akwai wani ja mai baƙin baki da nake gani da damina, da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da nake samu da rani sun laɓe a bakin kogo. Mutanen zauren suka ce abu ɗaya ne, riga kawai yake sauyawa. Na ce su kama gabansu, ni da na ƙare rayuwata ina kallon fuskoki ba za a ce mini ja da shuɗi ɗaya ba ne. Muka yi ta musu da gurgun Turancina har kaka ta zo, na ɗauki wani da ya haɗa jan da shuɗin a jiki ɗaya. Na tura musu ban ce komai ba, su ma suka yi mini kara.

Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne manyan, masu ƙaton ƙirji da 'yan wutsiyoyi biyu a kowane fiffiken baya. Ba ruwansu da fure. A ƙololuwar itace suke yini, in sun tashi sai dai ka ji fat-fat sun wuce. Ba abin da ke sauko da su sai abin da ya ruɓe. Mutanen zauren suka koya mini haɗin: ayabar da ta yi baƙi, gwanda ko gwaibar da ta faɗi, ɗan sukari, a dame, a rufe, a bar shi a rana har ya yi tsami ya fara kumfa. Maiɗakina ta kore ni da shi daga tsakar gida zuwa bayan akurki. Ta ce ta auri mai hoto ta yarda, ta auri ladan ta gode Allah, amma ba a gaya mata za ta zauna da mai kiwon ƙuda ba.

Da farko a roba nake zubawa. Sai na ga duk hoton da na ɗauka, jar robar nan ce take fara shiga ido, ta ɓata komai. Na ɗauki wata tsohuwar ƙwaryar maiɗakina, launinta ya saje da ƙasa da ganye, hoto ya fito yadda nake so. Farar riga tana korarsu, sai na koma sa wata tsohuwar taguwa mai ruwan ƙasa. Turare ma na daina shafawa ranar zuwa. Takalmi yana ƙara a kan busasshen ganye, sai in cire shi in bar shi a bakin kurmi. Wurin da haske ya fi kyau, inda rana ke ratsowa ta tsakanin ganye ba ta yi yawa ba, shi ne gindin tsamiyar nan. Nan nake ajiye ƙwaryar in ja da baya in jira. In ɗaya ya sauka ya fara sha, sai in rarrafa a hankali, in durƙusa, in kwantar da ƙirjina, goshina ya kusa taɓa ƙasa, kyamara tana ƙarƙashin fuskata, don sai ka sauko daidai tsayinsa za ka sami zanen ƙasan fiffike. Ina kuma da wata ɗabi'a tun ta shago, ina yi wa wanda nake ɗauka magana. Haka nake yi musu ƙasa-ƙasa: tsaya haka, kada ka motsa, ɗan buɗe mini, yawwa.

To ka haɗa waɗannan duka ka ajiye a gaban mutumin da ya leƙo daga bayan dutse. Wata rana hadari ya haɗo, ɗan acaɓan ya zo ɗaukata kafin lokacin da muka yi da shi, da bai gan ni a bakin hanya ba sai ya biyo sawu. Ban ji zuwansa ba, ban ji komawarsa ba. Da na fito na same shi a kan babur ya yi tsit, har muka iso Rano bai ce mini uffan ba. Na ɗauka ko haƙori ke damunsa.

Maganar da ya riƙe a hanya bai riƙe ta a tasha ba. An ce ladan yana cire takalmi, ya sa baƙaƙen kaya, ya kai ƙwarya gindin tsamiya ya yi mata sujada yana roƙo. A Kahu, wurin dangin mahaifiyata, an ƙara da baƙar kaza. Da maganar ta isa Unguwar Gai, garin su maiɗakina, kazar ta zama bunsuru. Ni ne na ƙarshen ji. Na dai lura gaisuwa ta gajarce, wanda da zai tsaya ya tambayi iyali da gajiya yanzu sai ya ɗaga hannu daga nesa, sahun magariba da ke kaiwa har waje ya daina kaiwa. Wanda ya buɗe mini ido wani mutum ne da ya shigo shago da rana tsaka, ya saki labule, ya ce shi ba hoto ya zo ba, kansila yake nema, in taimaka in kai sunansa wurin mutanen dutse, ko me suke ci zai saya. Na ce masa ruɓaɓɓiyar ayaba suke ci, kuma ba su da katin zaɓe. Na ɗaga labulen na nuna masa hanya. Na yi dariya bayan fitarsa, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don na san inda maganar za ta tsaya.

Limaminmu sa'ana ne, tare muka yi karatun allo, mutum ne mai sanyin hali da ba ya son a ji kansa da kowa. Bayan wata la'asar ya ce in ɗan tsaya. Tare da shi akwai Alhajin da ya sa wa masallacin sola ya kuma sayi sabuwar lasifika, ɗan kasuwa mai motocin kai hatsi Kano. Zan faɗi gaskiyarsa, ba mugu ba ne, hannunsa a buɗe yake, kuma tsoron da yake yi da gaske yake yinsa. Sai dai ya saba in ya yi magana a ce haka ne.

"Malam Ladan," in ji Liman, "wata magana ce take yawo, na ce gara mu ji daga bakinka."

"Allah gafarta Malam, na ji ta. Har bunsurun na ji."

Na ɗauko kyamara na shiga nuna musu hotuna. Liman ya sa tabarau yana kallo yana girgiza kai yana tasbihi. Alhaji ya kalli biyu ya kau da kai.

"Hoto ai hoto ne," ya ce. "Ya nuna ƙwaro ya sha. Bai nuna wa aka ajiye wa ƙwaryar ba. Duk faɗin ƙasar Rano ka rasa inda za ka ajiye ta sai gindin tsamiyar nan? Kakata da bakinta ta ba ni labarin wurin."

"Nan haske yake, Alhaji."

"Kuma sai a ƙwarya."

"Roba tana ɓata hoto."

Ni kaina da na ji amsoshin suna fita daga bakina na san ba su da nauyi a kunnen wanda ya riga ya gama shawara. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce su zo mu je su gani da idonsu. Liman ya yi saurin amincewa, ina jin ya ɗauka ya samu mafita.

Na roƙe su kada a sa fari, kada a shafa turare. Alhaji ya zo cikin farar shadda tana ɗaukar ido, ƙamshinsa ya riga shi fitowa daga mota. Ya ce shi ba zai shiga wurin nan da shigar da aka zaɓa masa ba. Takalmi kuwa ko maganar cirewa ban yi ba. A motarsa muka je Rurum, muka taka zuwa kurmi, Liman yana tsayawa yana hutawa a hawan. Dawa ta fitar da kai, lokacin da manyan suka fi yawa ke nan, ina ta addu'a a zuci Allah Ya sauko mini da ko guda ɗaya.

Na ajiye ƙwarya, muka koma gefe muka zauna a kan wani falalen dutse. Alhaji yana ta neman tsari da ƙarfi, duk ganyen da ya faɗo sai ya waiwaya. Wayarsa ta yi ƙara, direbansa ne daga Kano, ya tashi tsaye yana faɗa yana yarfa hannun riga. Sannan gajimare ya rufe rana. Duk mai wannan aiki ya san in rana ta ɓuya su ma sun ɓuya. Ƙudaje suka zo, zanzaro ya zo, tururuwa ta yi layi. Na hango ɗaya daga cikin manyan can a saman ɓaure, ya buɗe ya rufe, na nuna da yatsa, kafin su ɗaga kai ya tafi. Muka zauna har ƙafar Liman ta sage. Ban taɓa jin haushin wata halitta kamar yadda na ji haushinsu ranar ba. Na ciyar da su damina biyu, rana ɗaya da na nemi su fito mini shaida suka ƙi.

Alhaji ya gaji ya taka zuwa gindin tsamiya, ya sunkuya daga nesa ya shinshina, ya toshe hanci.

"Allah gafarta Malam, zo ka ji. Wannan ai warin burkutu ne."

Da na yi shiru, wataƙila da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma bakina ya riga ni.

"A ina ka san warin burkutu, Alhaji?"

Liman ya sunkuyar da kai yana wani tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Alhaji bai yi dariya ba. Muka koma mota muka dawo Rano. Ban yi nadamar tambayar ba, har gobe ina son jin amsarta.

Washegari Liman ya zo shagona shi kaɗai, ya zauna a kan kujerar da nake zaunar da masu fasfo.

"Na san ba ka yi ba," ya ce. "Wallahi na sani. Amma mutane sun fara tsallake mu suna tafiya masallacin bakin kasuwa. Wasu sun ce ba za su amsa kiran wanda ake shakka a kansa ba. Alhaji kuma ka san ka taɓa shi jiya. Abin mai sauƙi ne. Bayan magariba ka tashi ka ce an ga abin da aka gani, ka tuba, ka bari. Ni zan rufe da addu'a, shi ke nan, mukullinka yana aljihunka."

"In tuba daga me, Allah gafarta Malam?"

"Kowa ai mai tuba ne. Ni ma kullum ina yi."

"Ni ma kullum ina yi, tsakanina da Ubangijina, kuma Ya san abubuwan, suna da yawa. Wannan ba ya ciki. In na tashi a gaban jama'a na ce na tuba, me suka ji? Sun ji ladan ya amsa. Sun ji duk shekarun nan matsafi ne yake tashinsu sallar asuba. Gobe a nuna jikana a ce jikan wanda ya tuba."

"To ka daina zuwa kawai, ba sai ka ce komai ba."

"In na daina ma na amsa."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Saboda ƙwaro, Malam Ladan. Gadon mahaifinka ne fa."

Nan ya taɓa ni inda yake ciwo, kuma ya sani. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Da ya fita na rufe shago na zauna. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ban san wane ne ni a unguwar nan ba in ba ladan ba. Amma na san abin da nake yi in na kwanta a gaban ƙwaryar nan. Ban taɓa jin girman Allah ya cika mini zuciya kamar lokacin da na fara ganin zanen da Ya yi a ƙasan fiffiken abin da ba zai daɗe a duniya ba, zanen da ba mai ganinsa sai wanda ya yarda ya sa ƙirjinsa a ƙasa. Ba zan kira wannan tsafi don hankalin wani ya kwanta ba.

Maiɗakina tana tankaɗe na gaya mata. Na zaci za ta ce in bi Liman, don ta fi kowa shan warin nan, ga 'yan'uwanta na Unguwar Gai sun dame ta da waya.

"Malam, ni ban ga abin so a ƙwarin nan ba, kuma ba zan gani ba," ta ce. "Amma ƙwaryata ce. In ka ce ka tuba, ni na ba ka kayan aiki ke nan." Ta ci gaba da tankaɗenta. "Abu ɗaya, in ka ba da mukullin, kada ka dawo mini nan kana sallah a ɗaki kamar mara gaskiya."

Da asuba na yi kirana na ƙarshe, na ja shi yadda mahaifina yake ja, ba wanda ya san na ƙarshe ne sai ni da maiɗakina. Da hantsi na kai wa Liman mukullin har zaurensa. Ya ƙi miƙo hannu, sai na ajiye masa a kan buzu. Na ce ban sauka don na yi laifi ba, na sauka don kada masallaci ya watse a kaina, in wani ya tambaya a faɗa masa haka, a kuma faɗa masa jibi zan koma kurmi.

Na koma kuwa, kuma har yau ina zuwa. Ƙwaryar ba na ɓoye ta a buhu, a hannu nake riƙe ta in ratsa tasha. Ɗan acaɓan nan shi ke kai ni, don na ƙi canza shi, ya kuma dawo da surutunsa. Manyan na samu hotonsu, saman fiffike da ƙasansa, an faɗa mini sunayensu na littafi masu karya harshe. Maganar ta lafa yadda magana take lafawa, ba wanda ya zo ya ce ya yi kuskure, ba wanda ya ce in dawo, ni ma ban nema ba. Amma azahar ta ranar da na ba da mukulli har yanzu ba ta sake ni ba.

Ina zaune a shago na ji an hura makirfo an ƙwanƙwasa shi da yatsa. Wani tela ne na unguwar aka ba ladancin, muryarsa ba laifi, na faɗa don Allah. Ya fara kira, na shiga amsa masa kalma bayan kalma, abin da rabona da yi a unguwarmu tun mahaifina yana da rai. Na yi alwala na tafi.

Na shiga da wuri na zauna a sahun gaba. Bayan Liman yanzu wurin tela ne, sai na koma can wajen dama ta ɓangaren bango. Mutane suka yi ta shigowa. Sahun gaba ya cika, amma dama da haguna an bar fili kamar an zubar da ruwa a wurin. Alhaji ya shigo ana tayar da iƙama. Bai taɓa sallah a sahu na biyu ba, kuma filin da ke tsakanina da bango shi ya fi faɗi. Nan ya shiga ya tsaya, ya bar ratar da akuya za ta wuce.

Liman ya juyo kamar kullum ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, kada a bar gurbi. Bai kalle ni ba. Na matsa na haɗa kafaɗata da ta Alhaji. Ya matsa. Na sake matsawa. Ya sake matsawa, sai ga bango. Na ji ya ja numfashi ya tsaya, don ba inda za shi.

Liman ya yi kabbara. Bakina ya buɗe da kansa zai ɗaga ta, iska ta riga ta cika mini ƙirji, sai muryar tela ta fita a lasifika. Na haɗiye tawa, na yi ta a hankali yadda kowa yake yi. Hawaye suka gangaro mini har cikin gemu, ban share ba don na riga na shiga sallah. Haka Alhaji ya yi raka'a huɗu yana jin kafaɗata tana rawa a jikin tasa.